Mars, wanda Rumawa ke tasa daga barci duk watan Maris

In aka ce maka ga ubangijin yaƙi na mutanen Rum na da, hoton da zai fara faɗo maka a rai ai na wani ƙaton mahaukaci ne mai jajayen idanu, takobi tsirara a hannu, ba ya ji ba ya gani sai sara. Haka 'yan fim da masu wasannin kwamfuta suka saba zana shi, kuma gaskiya halin wani suka ɗauko suka jingina wa wani. Wancan mahaukacin na Girkawa ne, Ares sunanshi. Na Rumawa kuwa, wato Mars, in ka bi abin da su da kansu suka bari a rubuce sai ka tarar da wani dattijo da ake ce wa Baba Mars, manomi na roƙonshi ya tsare mishi gona daga cuta, kuma yana da lokacin tashi yana da lokacin kwanciya.

Kafin wani ya taso min wai na fara tallar gumaka, tarihi muke karantawa jama'a, labarin yadda wasu mutane suka yi tunani ne shekara dubu biyu da ɗoriya da suka wuce. Kuma waɗannan ba su ne Rumawan da aka ambata a Suratur Rum ba, waɗancan na baya ne sosai, lokacin sun daɗe da zama Kiristoci. Namu na yau su ne na birnin Rum ɗin kanshi da ke Italiya, tun suna bautar gumaka.

Ares dai ko Girkawan da suka ƙirƙiro shi ba su ɗauke shi da wata daraja ba. A waƙar Homer ta yaƙin Troy, ɗan adam ne ma, wani jarumi Diomedes, ya soke shi da mashi da taimakon allahiya Athena, shi kuma ya kurma ihu ya ruga sama wurin ubanshi Zeus yana kai ƙara, uban ya ce mishi duk cikin alloli babu wanda ya tsana kamar shi. Wani wurin kuma an kama shi da matar wani, allahiyar soyayya Aphrodite, a cikin raga, sauran alloli suka taru a kansu suna ta ƙyalƙyala dariya. Daga baya da Rumawa suka cuɗanya da Girkawa sai mawaƙansu suka kwaso waɗannan tatsuniyoyi suka canza sunaye kawai, Ares ya koma Mars, Aphrodite ta koma Venus, shi ya sa abin ya cakuɗe. Amma a wajen bauta ta yau da kullum, Barume ba ya wasa da Mars, in ka cire Jupiter, babban allansu, babu wanda ya kai shi girma.

Dalili na farko, ubansu ne, haka suka ɗauka. Labarin da suke bayarwa shi ne a garin Alba Longa wani Amulius ya ƙwace sarauta a hannun ɗan'uwanshi Numitor, don kada a samu magaji sai ya tilasta wa 'yar Numitor ɗin, Rhea Silvia, ta shiga cikin 'yan matan da ke tsaron wutar allahiya Vesta, waɗanda ba a yarda su san namiji ba. Kwatsam sai ga ta da ciki, ta haifi tagwaye, ta ce Mars ne ubansu. Aka jefa jariran a kogin Tiber, ruwa ya ajiye su a gaɓa, kyarkeciya ta shayar da su, tsuntsun nan mai sassaƙar bishiya da baki yana kawo musu abinci, dabbobin nan biyu kuma duk na Mars ne a wurinsu. Makiyayi Faustulus ya tsince su ya raina. Su ne Romulus da Remus, waɗanda aka ce sun kafa Rum a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma tun ba a gama ganuwa ba Romulus ya kashe ɗan'uwan nashi. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da ke ba ni dariya, masanin tarihinsu Livy shi ma bai gama gamsuwa da zancen ba. Cewa ya yi ko dai yarinyar ta yarda da hakan da gaske, ko kuma ta ga in an ce abin bauta ne ya yi aika-aikar abin zai fi sauƙin faɗa. Amma ya ce tunda Rumawa sun cinye duniya da yaƙi, in suka ce Mars ne ubansu to sauran al'ummai su haƙura da wannan kamar yadda suka haƙura da mulkinsu. Wato shi ma ya bar kaza cikin gashinta.

To ga inda abin ya fara jan hankalina. Akwai wani dattijo mai taurin kai, Cato Babba, wanda ya rubuta littafi kan noma wajen shekara ta 160 kafin miladiyya, a ciki ya koya wa mai gona yadda zai tsarkake gonarshi. Za a samo ɗan alade da ɗan rago da ɗan maraƙi, a zagaya iyakar gonar da su, sannan a yanka, kuma wanda ake kira a addu'ar Mars ne. Me ake roƙonshi? Babu maganar nasara a kan kowa a ciki. Ya kore cututtuka na bayyane da na ɓoye, ya hana fari da ɓarna da mugun yanayi, ya bar hatsi da inabi su yi kyau, ya tsare makiyaya da garkensu, ya ba mai gida da iyalinshi lafiya. Ka ji fa, ubangijin yaƙi.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. Wasu suka ce asali Mars na noma ne, daga baya aka ɗora mishi kwalkwali. Wani Bafaranshe, Georges Dumézil, ya ce sam, tun fil azal mayaƙi ne, ko a gonar ma aikin gadi yake, a bakin iyaka ake tsayar da shi ya yaƙi abin da zai shigo, ko abokin gaba ne mai mashi ko annoba ce da ido ba ya gani. Ni dai na fi karkata ga wannan, don in ka duba addu'ar ai zagaye gonar ake yi ba shiga tsakiyarta ba. Kuma kada a manta, a farkon Rum manomin shi ne sojan. Babu wasu sojoji na daban masu zaman bariki, mai gona ne zai sayi garkuwarshi da mashinshi da kuɗin aljihunshi, ya fita in an kira, ya dawo gida in an gama. Labarin Cincinnatus da suke alfahari da shi kenan, a shekara ta 458 kafin miladiyya aka same shi yana huɗa aka ce zo ka karɓi ragamar ƙasa, ya je ya ci yaƙi, cikin sati biyu da 'yan kwanaki ya ajiye mulki ya koma kan garmarshi.

Saboda haka yaƙi a wurinsu yana da kaka kamar yadda noma ke da ita. A tsohuwar kalandarsu watan Maris ne farkon shekara, kuma sunan Mars aka ba shi, lokacin sanyi ya fara sauka hanya ta fara biyuwa. Duk watan nan hidimarshi ake. Tun 27 ga Fabrairu ake tseren dawaki, a sake wani 14 ga Maris, ranar 19 a tsarkake makamai, ranar 23 a tsarkake ƙahonin yaƙi. Amma abin kallon shi ne rawar Salii.

Salii ɗin nan limaman Mars ne su 12, duk 'ya'yan manyan gidaje, kuma sai wanda uwa da uba ke raye ake ɗauka. Asalin aikinsu wai a zamanin sarki na biyu, Numa, wata garkuwa ta faɗo daga sama aka ce muddin tana Rum to mulki na Rum. Numa ya ga ai wannan abin sata ne, sai ya kira wani maƙeri, Mamurius, ya ƙera mishi wasu 11 sak irinta har ba mai iya gane ta ainihin, kuma da aka tambayi maƙerin ladanshi wai cewa ya yi a dinga ambaton sunanshi a waƙa kawai. To ranar 1 ga Maris sai a fito da garkuwoyin nan. Ka ƙaddara kana tsaye a bakin titi, ga samari goma sha biyu sun taho cikin riga mai ado, da tagulla a ƙirji, da gajeren mayafi, da hula mai tsini, takobi a ƙugu, garkuwa mai tsukakken ciki a hannun hagu, sanda a dama suna dukan garkuwar da ita, suna tsalle suna dira taku uku-uku, ƙarar ƙarfe ta cika unguwa, suna rera wata waƙa da ta tsufa har ta kai a zamanin baya su kansu masu rerawar da ƙyar suke gane me take cewa, amma ba wanda ya isa ya canza ko harafi ɗaya. In yamma ta yi su tsaya a wani masauki su ajiye garkuwa su zauna cin abinci, kuma irin cin da suke yi ya shahara har mawaƙa na buga misali da shi. Washegari a ɗora daga inda aka tsaya, haka har wajen ƙarshen wata.

Kuma ba wasan yara ba ne a wurinsu. Kwanakin da garkuwoyin ke waje ba a so a ɗaura aure, ba a so runduna ta yi tafiya. A shekara ta 190 kafin miladiyya, Scipio, mutumin da ya karya Hannibal janar ɗin Carthage, yana kan hanyar yaƙi da Antiochus sarkin Siriya, rundunar Rum ta kai mashigin da za a tsallaka zuwa Asiya sai aka tsaya cak ana jiranshi, saboda shi ɗan Salii ne kuma kwanakin sun kama, ba shi da ikon barin inda yake sai sun wuce. Babban janar, ga abokin gaba a tsallake, amma ya zauna.

A wani gini da ake kira Regia a dandalin birni ake ajiye masun Mars. In za a fita yaƙi, jagoran runduna zai shiga ya girgiza garkuwoyin, ya girgiza mashin, ya ce "Mars, farka!" In kuwa aka ce masun sun motsa da kansu ba wanda ya taɓa su, to sai an kai maganar gaban majalisar dattawa an yi yanka, don alama ce ta masifa na tafe. Ni wannan kalma ta farka ita ce ta fi tsaya min a rai a duk labarin, don tana nuna a tunaninsu yaƙi abu ne da mutum ke zuwa da ƙafarshi ya tasa, da saninshi, a rana sananniya.

Sai Oktoba, lokacin rufewa. Ranar 15 ga wata ake abin da suke kira Dokin Oktoba, kuma wannan kam sai mai ƙarfin zuciya. Za a yi tseren keken doki mai dawaki bibbiyu a filin Mars, keken da ya zo na ɗaya sai a kama dokin da ke hannun dama, wato gwarzon da ya ci tseren, a soke shi da mashi. A yanke wutsiyar, wani ya ruga da ita a guje har Regia don jinin ya ɗiga a murhu tun bai daskare ba. Kan kuma a rataya mishi burodi, sannan unguwanni biyu, mutanen Sacra Via da mutanen Subura, su kaure da kokawa a kanshi, in na farko suka ƙwace su kafe shi a bangon Regia, in na biyu ne su kafe shi a wata hasumiya ta unguwarsu. Doki dabbar yaƙi, burodi abin gona, kuma wani tsohon marubucinsu ya ce don amfanin gona ya yi albarka ake yi. Ka ga nan ma an kasa raba su. Bayan kwana huɗu, ranar 19, a tsarkake makamai a tudun Aventine a mayar da su ma'aji, shikenan an rufe sai baɗi.

Bayan lokaci kuma yana da wuri. Birnin Rum na da wata iyaka mai tsarki da suke kira pomerium, wadda aka ce Romulus ne ya ja ta da garma, kuma runduna ba ta tsallake ta da makami. Janar ya ci yaƙi ya dawo yana son a yi mishi bikin nasara, dole ya yi zamanshi a waje har majalisa ta ba shi izini, in ya yi gaggawar shiga ikonshi na soja ya faɗi. Filin Mars ɗin nan, inda ake atisaye da ƙidayar jama'a da zaɓen manyan shugabanni, a wajen wannan iyaka yake, nan ne bagadin Mars. Tsohon haikalinshi ma a bayan Ƙofar Capena yake kan hanyar Appia. Masanin gine-ginensu Vitruvius ya faɗi dalili ƙarara, ya ce a gina wa Mars ɗaki a bayan ganuwa don kada 'yan gari su ɗauki makami a kan junansu, shi kuma ya tsare garin daga nan. Kamar dai karen gadi, ana ji da shi ana ba shi nama, amma a ƙofar gida ake ɗaure shi.

Yanzu wani zai ce kai, ashe mutanen nan masu hankali ne, sun sa wa yaƙi linzami. Ni kuma nan ne nake cewa a dakata. Abin da aka tsara wa wata da rana da rawa da liyafa, ai an mayar da shi al'ada kenan, duk shekara sai an yi, abin da ya rage kawai a nemo wanda za a yi da shi. Suna da wani ɗakin abin bautarsu Janus mai ƙofofi da ake bari a buɗe in ana yaƙi, a rufe in ƙasa ta zauna lafiya ko'ina. Agustus, sarkin daularsu na farko, da bakinshi ya rubuta cewa daga kafa birnin har zuwa haihuwarshi sau biyu tak aka taɓa rufe su, ɗaya a zamanin Numa ɗaya a shekara ta 235 kafin miladiyya. Kusan shekara ɗari bakwai fa kenan. Su a ganinsu duk yaƙinsu na gaskiya ne, suna da ma wasu limamai na daban da ke zuwa bakin iyaka su nemi diyya, su ba da wa'adin kusan wata guda, sannan su jefa mashi cikin ƙasar abokan gaba. To amma mai gadin gonar nan kullum iyakar gonar tashi matsawa take, daga ƙauyukan kusa har ta haɗiye Italiya, ta tsallaka teku. Mutanen Carthage da na Korinti da aka rushe garuruwansu a shekara ɗaya, 146 kafin miladiyya, ban jin sun ga wani dattijo mai tsare gona.

Kuma nasarar ce ta rusa tsarin da kanta. Yaƙin da ake yi a Sifaniya ba a fita a Maris a dawo a Oktoba. A shekara ta 153 kafin miladiyya ma saboda tawayen can aka dawo da ranar kama aikin shugabannin shekara daga tsakiyar Maris zuwa 1 ga Janairu, don su samu isa da wuri. Manomi ya yi shekaru a bakin daga, ya dawo ya tarar gona ta mutu ko bashi ya cinye ta, masu kuɗi sun saye sun zuba bayin da shi ɗin ya kamo musu. A shekara ta 107 kafin miladiyya janar Marius ya fara ɗibar waɗanda ba su da ko taku ɗaya na ƙasa, su kuma irin waɗannan ba majalisa suke kallo ba, janar ɗin da zai ba su fili in sun yi ritaya shi suke bi. Ba a rufe shekara ashirin ba, a 88, wani janar ɗinsu Sulla ya shigo birnin Rum da runduna. Daga nan sai yaƙin basasa, wannan na ƙarewa wancan na tashi.

Ranar 15 ga Maris ta shekarar 44 kafin miladiyya aka kashe Julius Kaisar, a watan Mars ɗin. Ɗan da ya ɗauka magaji, Octavian, wanda daga baya ya zama Agustus, ya haɗu da makasan, Brutus da Cassius, a Philippi ta arewacin Girka a shekara ta 42, kuma a can ya yi alwashin in ya ci zai gina haikali ga Mars Mai Ramuwa. Ya ci. Sai da aka shekara 40 kafin a buɗe ginin, a shekara ta 2 kafin miladiyya, kuma a ina? A tsakiyar birni, cikin sabon dandalin da ya gina da sunanshi. Abin bautar da kakanni suka ajiye a bayan ganuwa don kada ɗan gari ya kashe ɗan gari, ga shi an shigo da shi ciki da marmara, kuma dalilin ginin yaƙi ne da Rumawa suka kashe Rumawa.

Agustus ɗan siyasa ne na ƙarshe, ya san wannan ba zai yi daɗin ji ba, sai ya nemo wa ramuwar wata fuska. A shekara ta 53 kafin miladiyya Fartiyawa, masu mulkin ƙasar Farisa a lokacin, sun ragargaza rundunar janar ɗin Rum Crassus a Carrhae, wato Harran ta Turkiyya a yau, suka kashe shi suka tafi da tutocin runduna, abin kunyar da Rum ta kasa mantawa. A shekara ta 20 Agustus ya karɓo tutocin, kuma ta hanyar sulhu da barazana ya karɓo su, ba a harba ko kibiya ɗaya ba, amma aka buga kuɗi da hoton Bafartiye a durƙushe yana miƙa tuta, aka kai tutocin haikalin Mars Mai Ramuwa aka ajiye kamar da takobi aka ƙwato. Ya kuma sa doka cewa a nan majalisa za ta dinga tattauna yaƙi da bikin nasara, daga nan gwamnoni masu runduna za su dinga tashi. Gefe ɗaya na dandalin ga mutum-mutumin Romulus ɗan Mars, ɗaya gefen ga Aeneas ɗan Venus wanda gidan su Kaisar ke cewa kakansu ne, kowa ya shigo ya san gidan wa ake nufi.

Soja kuma ya zama sana'a, shekara 20 ake ɗauka ana aiki a bakin kogin Rhine ko Danube ko hamadar Siriya, da albashi da kuɗin sallama, yawancinsu ma ba su taɓa ganin rawar Salii ba. Amma rawar ba ta fasa ba, an ci gaba da tsalle da dukan garkuwa duk Maris, Marcus Aurelius ma tun yana ɗan yaro aka sa shi a ciki. Liyafar ma tana nan daram. Suetonius ya ba da labarin sarki Claudius, wanda ya yi mulki daga shekara ta 41 zuwa 54 miladiyya, wai wata rana yana zaune yana shari'a a dandalin Agustus sai ƙamshin girkin da ake wa Salii a haikalin Mars ya bugi hancinshi, bawan Allah ya tashi ya bar masu ƙara a tsaye, ya haye wurin limaman ya kishingiɗa aka ci da shi.